Sati Shida Ban Ɗora Mata Aska Ba

Sunana Sale, wanzami ne ni a Fagam ta ƙasar Gwaram. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Na rubuta wannan ne saboda masu tambayata abin da ya zaunar da ni a Masar kusan wata biyu, alhali tikitin sati biyu aka yanka mini.

'Yata Safiya tana da shekara huɗu a lokacin. Tun ranar da aka haife ta jikinta yake kamar an watsa mata ruwan zafi. Fatar ta bushe ta yi ɓawo ta saɓule, sabuwa ta fito, ita ma ta bi ta farko. Gashinta ba ya wuce tsawon ƙwayar shinkafa sai ya karye. Kafin ita mun haifi Usman da irin wannan jikin. Wata bakwai ya yi a duniya. Ba zan tsawaita a kansa ba.

Uwarsu Dije 'yar goggona ce, ƙanwar mahaifina da aka aurar a Kiyako. Baffa Haruna, wanda ya riƙe gidanmu bayan rasuwar mahaifina, shi ya haɗa aurenmu. Amma da Safiya ta zo kamar wanta, shi ne ya fara cewa jinin Kiyako ne, gidanmu ba a taɓa haifar haka ba. Matan gida suka daina cin abincin da Dije ta dafa. Baffa ya ce in sawwaƙe mata. Na ce ba zan rubuta komai ba sai na ji daga bakin wanda ya san ciwon. Dije ta tattara kayanta da kanta ta koma Kiyako, ta ce a can za ta jira.

Na kai yarinyar asibiti a Birnin Kudu, na kai ta Kano. Wani ya ce kirci ne, wani ya ce makero. Daga ƙarshe wani likita ya dube ni ya ce, "Malam, gaskiya ban san wannan ba." Ya rubuta mini wasiƙa zuwa ga malamarsa a Alƙahira. Na sayar da fadamata, wani Alhaji mai motoci da na daɗe ina yi wa aski ya ɗauki nauyin jirgi.

Wanda ya tare mu a Alƙahira wani Bahaushe ne da ake kira Ustaz Nura. Sana'arsa kai marasa lafiya asibiti, shi ke ba su ɗaki, shi ke yi musu tafinta. Ya karɓi wasiƙar ya juya ta ya sa a aljihu.

"Malam Sale, ka faɗo hannun da ya dace. Wannan matar tsohuwa ce, sai ka yi wata kana bin layi. Ni ina da ƙwararren gashi, gobe-gobe."

Washegari ya kai mu wani dogon bene mai gilasai. Bangon duk hotunan maza ne, nan kai tas, nan kuma suma ta cika.

Na ce, "Ustaz, wannan ai wurin masu sanƙo ne."

"Gashi ai gashi ne, Wanzam."

"Shekara ashirin da biyar ina aski. Gashi ba ɗaya ba ne."

Ya yi dariya ya tura ni ciki. Mutumin da muka gani bai tashi daga kujerarsa ba, bai taɓa Safiya ba. Daga nesa ya dube ta, ya ba mu kwalabe uku na man shafawa. Na shafa mata don kada a ce ban bi umarni ba. A rana ta huɗu bayan gwiwoyinta da wuyanta suka tsage suna ruwa. Idan ta ga na ɗauko kwalba sai ta shige ƙarƙashin gado.

Na je wurin Ustaz na ce ya ba ni wasiƙata. Ya ce ta ɓata. Ban yi masa musu ba. Na shimfiɗa rawanina a bakin ƙofarsa na zauna, na ɗora Safiya a cinya. Duk Bahaushen da ya zo nemansa, da mai ciwon ƙoda da mai ciwon ido, sai mu gaisa, in nuna masa wuyan yarinyar, in gaya masa abin da nake jira. Tun hantsi nake nan har aka kira azahar. Sai ƙofa ta buɗe, wasiƙar ta faɗo a gabana.

"Kai dai baƙauye ne wallahi," in ji shi.

"Na Fagam ma kuwa."

Na nuna wa wani direba adireshin da ke bayan ambulan ɗin wasiƙar, ya kai ni asibitin malamar. Aka ce in dawo jibi da safe.

A nan na yi kuskuren, kuma da hannuna. A wurinmu ba a kai yaro gaban manya da kai buzu-buzu. Ɗan wanzami kuwa, abin kunya ne a gan shi haka. Gashin Safiya yana fitowa ne tsalli-tsalli, nan akwai nan babu, saboda haka duk Juma'a nake aske mata shi. Duk ranar da za mu ga likita kuma sai na ƙara gyarawa, don kada a ce mun zo da ƙazanta. Da safiyar ranar na buɗe zabira, na wasa aska, na yi mata aski irin wanda ake yi wa ango. Na shafe kan da man kaɗanya, na sa mata hula sabuwa.

Likitar 'yar ƙaramar tsohuwa ce, tabarau rataye a wuya. Ta karanta wasiƙar, ta aika aka kira wata ma'aikaciya mai suna Batula. Batula mutuniyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka tsaya a hanya. Hausarta irin ta kakata ce, har sai da na tuna gida da ta ce mini, "Sannu da gajiya, ɗan'uwa."

Likitar ta duba jikin Safiya a hankali, har tsakanin yatsu. Sannan ta cire hular. Ta shafa kan, ta sake shafawa, ta yi magana da ƙarfi.

Batula ta ce, "Tana tambaya wa ya yi wannan aikin."

Na gyara zama na ce, "Ni ne."

"Ta ce aski ya yi kyau. Amma ka share mata shaidar da take nema."

Ban gane ba sai da aka yi mini bayani. Likitar tana zargin wani ciwo, kuma alamarsa a jikin silin gashi take. Sai an yanki gashin an duba shi a madubin likita, irin wanda ke mayar da ƙaramin abu babba. Ta tambaye ni likitoci nawa suka ga yarinyar. Na ce bakwai. Ta ce duk da askakken kai? Na ce duka. Shekara huɗu ina yawo da 'yata ina neman wanda zai gane ciwonta, ashe kullum sai na goge amsar kafin mu fita daga gida.

Ta tsinci 'yan silin da ke girar Safiya ta duba, ba ta sami abin da zai gamsar da ita ba. Ta ce irin wannan gashin ba ya saurin fitowa, kuma da yawa take so. In dawo bayan sati shida. Ba aska, ba mai a ka, ba hula, don hula tana karya shi. Kwalaben nan uku kuma in zubar da su. Ta ba ni wani farin mai mara ƙamshi na jiki.

Da muka fito Batula ta dube ni ta gefen ido. "Wanzam, za ka iya kuwa? Hannunka zai yarda?"

"Zai yarda."

Ɗakin da muke na Ustaz ne. Da ya ji ba zan hau jirgi ba, ya ce in tattara kafin la'asar, yana da baƙi. Na kira Alhaji, ya ce zai sa a ɗaga ranar tikitin. Sannan na kira Baffa, don ba a yin irin wannan ba tare da mai gida ya sani ba.

"Sati shida? Magani ka je nema ko kiwon gashi?"

"Kiwon gashi, Baffa."

"Sale, ina wasa da kai ne? Mun san inda abin ya fito. Ka dawo ka yi abin da na ce."

"In na dawo za ka ji abin da aka ce."

Ya kashe wayar.

A ƙasan layin akwai shagon wani mai aski, dattijo, ana ce masa Usta Ragab, don Usta suke ce wa gwanin sana'a a can. Tun zuwanmu nakan tsaya a bakin shagon ina kallon yadda yake aiki, don kewar sana'a. Bai san Hausa ba, ni kuma Larabcina na salla ne. Ranar ya gan mu da jaka a bakin titi. Ya fito da almakashi a hannu, ya dubi jakar, ya dubi Safiya, ya ɗaga mini gira. Na nuna benen Ustaz na kaɗa hannu. Sai ya tofar da yawu wajen benen, ya ɗauki jakar ya shige. A bayan shagon akwai ɗan ɗakin da yake shanya tawul. Nan muka zauna.

Na zama mai shara. Kullum in tara gashin mutane a bakin tsintsiya, baƙi da fari da ja, mai laushi da mai kauri, in kwashe in zubar, alhali na 'yata nake jira ya fito. Wata rana wani tsoho ya zo yana son a yi masa gemu da aska, hannun Usta kuwa tsufa ya sa ya fara rawa. Na nuna ƙirjina. Tsohon ya dube ni da tsoro, ya karanta wani abu, ya rufe ido. Da na gama ya shafa haɓarsa ya yi ta surutu, Usta yana ta dukan kafaɗata. Daga ranar ni ma Usta ake ce mini a layin.

Wake da gurasa muke ci safe da rana. Safiya ta tambaye ni ko mutanen garin ba su san tuwo ba ne. Na ce ba su sani ba. Ta ce, "Allah sarki." Ni kuwa lissafin damina nake. Na san a lokacin an gama noman farko a Fagam, gero ya kai gwiwa, wani kuma yana tsaye a fadamar da ta kasance tawa.

Sati na uku ya fi kowanne wuya. Gashin ya fara tsirowa, yana sukarta, tana ƙaiƙayi har jini. Na yanke mata farce, na ɗinka mata safar hannu da tsohon tawul. Wata rana bayan azahar, Usta ya tafi cin abinci, sai ga ta ta jawo zabirata da hannu biyu ta ajiye a gabana.

"Baba, yi mini aski."

"Sai an kwana biyu, Safiya."

"Yara suna kallona. Jiya wani ya ce mini wani abu."

"Me ya ce?"

"Ban sani ba. Amma ya yi haka da hancinsa."

Ta durƙusa ta sunkuyar da kai yadda ta saba kowace Juma'a. Ban san lokacin da na buɗe zabirar ba. Sai ganin askar na yi a hannuna, har na gwada kaifinta a babban yatsa. Ina tsaye haka Usta ya dawo. Na naɗe zabirar na miƙa masa, na nuna durowar da yake kulle nasa kayan. Ya gane. Ya kulle ya sa makullin a aljihu. Daga ranar sai mai gemu ya zauna a kujera yake fito mini da aska, in na gama ya karɓe.

Safiya ta yi kuka, ta ƙi yi mini magana har la'asar. Washegari za mu je ofishin da ake ƙara kwanakin biza, Usta ya raka mu. A cikin mota wata mata ta dubi kan Safiya ta janye ɗanta. Safiya ta sa hannu biyu ta rufe kanta. Tun da na balaga ban taɓa fita waje kai ba hula ba, ko gona za ni. Na cire hulata na cusa a aljihu.

"Baba, hularka."

"Mu biyu ne yau. Sauke hannunki."

Ta sauke. Ban sake sa hula ba sai ranar da muka bar ƙasar.

Dije nakan kira ta ranar Juma'a, a wayar wanta.

"Baban Safiya, tana cin abinci?"

"Tana ci."

"Gashin fa?"

"Ya wuce ƙwayar gero."

Ina jin kukan shanu a bayanta. Sannan ta ce, "In suka ce ni ce, kada ka ɓoye mini. Kada ka tausaya mini ka canza magana. Ina so in sani ko ni na kashe Usman."

Na ce ba zan ɓoye ba. Ban taɓa jin ta faɗi haka ba sai ranar.

Da sati shida suka cika muka koma. Likitar ta yi ta yankar gashin da ƙaramin almakashi, nan kaɗan can kaɗan, tana jerawa a kan gilashi. Ta duba na farko ta ajiye. Ta duba na biyu ta ajiye. Batula ta ba Safiya alewa, ni kuma ina kallon bango. A na uku ta daɗe. Sannan ta ɗago ta yafito ni da hannu, ta ce in sa idona.

Rayuwata duka gashi nake riƙewa, amma ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Silin ya zama kamar karan dawa, gaɓa-gaɓa. A kowace gaɓa na sama ya nutse cikin na ƙasa kamar taɓarya a turmi. A nan yake karyewa.

Ta faɗi sunan ciwon, Netaton. Ta ce da shi ake haihuwar yaro, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba shi da maganin da zai raba ta da shi. Sai dai kulawa: wanka da ruwa mai ɗumi, farin man nan safe da yamma, ruwan sha da yawa, a kula da abincin da ke tayar mata da jiki, a gudu asibiti da zarar fata ta fara ruwa ko zazzaɓi ya zo. Aska kuma ta bar kanta har abada. Na saurara har ta gama. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni.

"Daga uwar ne?"

Batula ta juya mata. Likitar ta girgiza kai tun kafin a gama. Ta ce abin da ke gina fata biyu-biyu yake a jikin kowa, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. In ɗaya ne ya sami matsala, mutum lafiyarsa ƙalau, ba zai ma sani ba. Sai yaro ya karɓi mai matsalar daga wajen uba, ya kuma karɓa daga wajen uwa, sannan ciwon yake fitowa. Uwa ita kaɗai ba ta iya ba da shi. Ta ce kowane ciki muka samu, kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa haka.

"Tana tambaya, mece ce matarka a wurinka kafin aure?"

"'Yar goggona ce."

Likitar ta gyaɗa kai. Ta ce mafi kusa, daga kakannin da muka haɗa ya gangaro mana mu biyu.

Na roƙe ta ta rubuta duk wannan da Larabci, ba da Turanci ba, don limaminmu ya iya karantawa. Ta rubuta ta buga hatimi. Har na miƙe, sai na koma na zauna. Na gaya mata Usman ma ina yi masa aski duk mako, kuma wani lokaci askar takan kama fatar. Na ce ta faɗa mini gaskiya.

Batula ta juya mini amsar a hankali. "Ta ce ba ta gan shi ba, ba za ta iya cewa e ko a'a ba. Ta ce jarirai masu wannan ciwon shekarar farko ce mai haɗari gare su, ko an yi aski ko ba a yi ba."

Iyakar abin da na samu ke nan a kansa, da shi nake zaune.

Usta Ragab ya mayar mini da zabirata, ya sumbaci kan Safiya a tsakiyar gashin. Ba wanda ya taɓa yin haka ban da ni da uwarta.

Daga Kano muka shiga motar Birnin Kudu. A tasha ban nemi ta Gwaram ba, ta Kiyako na nema. Mun sami Dije tana daka. Ta saki taɓaryar ta durƙusa, ta daɗe tana shafa kan yarinyar, don ba ta taɓa ganin gashinta ya kai haka ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Faɗa mini."

"Ni da ke ne. Kowa ya ba da nasa. Daga gidanmu ya fito, wajen su Kaka."

"Kada ka tausaya mini."

"Ga takarda."

Ba ta karɓa ba. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen zane. Da ta gama kuka ta ce, "Bari in ɗauko mayafina."

Mun isa Fagam bayan azahar. Baffa yana zaune a zaure, ya miƙe ƙafafu a bakin ƙofar shiga gida, liman yana gefensa. Na durƙusa na gaishe su. Dije ta tsaya a waje da Safiya.

"Ina maganin?" in ji Baffa.

"Babu magani, Baffa."

"To me ka samo, bayan fadamar da ka salwantar?"

Na miƙa wa liman takardar. Ya karanta a hankali yana fassarawa. Da ya zo wajen kakanni ya rage murya, amma ya faɗa.

Baffa ya ce, "Takardar Larabawa ce za ta zagi iyayena?"

"Ba zagi ba ne. Allah ne ya ƙaddara, ba wanda ya sani. Amma in jinin za a kora daga gidan nan, ba Dije kaɗai za ta fita ba. Da ni za a fara."

Liman ya ce, "Malam Haruna, a yi haƙuri."

"Ba za ta shiga ta ƙofar nan ba ina raye."

Na ce, "Baffa, a ba mu hanya." Sau uku na faɗa. Bai janye ƙafarsa ba, ni kuma ba zan tsallake ƙafar wan ubana ba.

Na fito na zaunar da su a inuwar maƙwabci, na ari diga. Sashena yana ta gabas, katangarsa tana kallon lungu. Na auna faɗin mutum ɗaya na fara sara. Mutane suka taru, ba wanda ya taya ni, ba wanda ya hana ni. Ƙasar ta sha ruwan damina, ba ta yi gardama ba. Kafin la'asar na fasa, na kwashe ƙasar, na rataya asabari.

Na je na ce wa Dije ta taso. Ta gyara mayafi, ta kama hannun Safiya, suka ratsa mutane. A bakin sabuwar ƙofar ta tsaya ta yi bisimilla, sannan ta shiga da ƙafar dama.